Tafiyar Ƙanena a Ƙafar Ɗansa

Ƙanena ya bar Kumasi yana saurayi. Muna aikin goro ne a unguwar Alabar tare da mahaifinmu, tsinta da ɗauri, har ranar da ya ce shi ya gaji da warin jiƙaƙƙen ganye, zai bi jirgin ruwa. Ya bi kuwa. Ya zauna a Ingila, ya yi aiki a tashar jirage, ya auri Baturiya, suka haifi ɗa namiji. Yaron bai gama wayo ba ciwon ƙirji ya ɗauke uban. A can aka binne shi. Bai taɓa dawowa gida ba.

Yaron ya tashi a hannun uwarsa da danginta. Ba ya jin Hausa, bai san tuwon zafi ba, Bature ne a komai in ban da launin fata da goshin gidanmu. Uwar mace ce mai kirki, ba ta yanke zumunci ba, takan ba masu zuwa hotonsa su kawo mana. A haka muka ji ya gama karatu, ya ce shi wasan kwaikwayo zai yi. Da labarin ya iso, na ce a gaban mutane ɗan ƙanena ya zaɓi ƙarya ta zama sana'arsa. Maganar ba ta dace ba, kuma na daɗe ina maimaita ta.

Farkon ganinmu da shi yana motsi, a talabijin ɗin maƙwabcinmu ne. Wani shirin asibiti ake nunawa. Ya turo gadon marar lafiya, ya faɗi kalma ɗaya, ya wuce. Matata ce ta gane shi, ta yi ihu ta ce ga goshin nan. Muka yi makonni gidan gaba ɗaya muna taruwa ko zai sake turo gadon, bai sake ba. Daga baya muka gan shi ɗan sanda a tsaye bayan babbansu, muka gan shi direban tasi. Sai wani fim da aka harbe shi tun ba a yi nisa ba. Washegari na tarar matata tana raba sadakar masa, wato waina, ga yaran lungu.

Na ce, “Hajiya, wasa ne fa. Yana nan da ransa.”

Ta ce, “Na sani, Alhaji. Amma ka ga yadda ya faɗi? Ko wasa ne, ai ƙasa ta buge shi.”

Yawancin aikinsa ma ba mu gani ba, don a kan dandamali yake yi, a gaban mutane, gari zuwa gari. Daga baya shi da kansa ya gaya mini ya yi shekaru in an gama wasa ɗaya babu wani, sai ya koma wankin kwanuka a gidan abinci har a sake kiransa. Da furfura ta fara fito masa ne aka fara ba shi alƙali, aka ba shi likita, har sarkin Turawa ya taɓa zama. A lokacin jikokina sukan kawo mini waya su ce, “Kaka, ga ɗanka.” Nakan kalla har ƙarshe.

Shekaru kaɗan da suka wuce, da damina, sai ga shi ya zo. Ya sauka a wani masauki a Kwadaso, amma kullum a gidanmu yake wuni. Da na gan shi a bakin zaure sai na tsaya ina kallonsa. Ya riga ya girmi ubansa nesa ba kusa ba. Ƙanena bai yi furfura ba ya mutu, ga ɗansa gemu fari. Matata ta koya masa ya ce mini Baba, ya riƙe. Ni ban gama makarantar midil ba, amma da Turancin makaranta da na kasuwa muka riƙa fahimtar juna.

Abu ɗaya ya dame ni da shi, kallo. In muna tafe a Alabar sai ya tsaya ya zuba wa mai dako ido, ko mahauci, ko tsohuwa mai tsallake kwata. Na ja shi gefe na ce a Zango, unguwannin Hausawa, ba a yi wa mutane haka. Ya ba ni haƙuri, ya ce aikinsa ke nan. Shi daga ƙafa yake fara neman mutum. In ya samu yadda mutum yake taka ƙasa, sai kafaɗa ta biyo, sai wuya, muryar kuma takan zo da kanta daga ƙarshe.

A rumfar goro ya gaya mini abin da ya kawo shi. An ba shi wani wasa da zai fito a matsayin tsoho ɗan Afirka da ya tsufa a Ingila cikin 'ya'yansa. Ya ce duk rayuwarsa Turawa yake zama, ya san tafiyarsu, ya san tarinsu. Wannan karon ya nema a jikinsa bai samu kowa ba. Abin da yake tunawa na ubansa, ƙamshin man gashi da wata riga mai kauri, shi ke nan. Uwarsa kuma ta rasu. Da ya koma za a fara, kuma ba wasan ne kaɗai ya dame shi ba.

Ya ce, “Baba, kada ka ba ni labarinsa. Kowa ya ce mini mutumin kirki ne, na ji. Tashi ka nuna mini yadda yake tafiya. Yadda yake magana.”

Na haɗe rai. Na ce mu ba ma kwaikwayon mamaci, addu'a muke yi masa. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya gane, bai ƙara tayar da maganar ba. Ya zauna yana taya ni ware farin goro daga ja.

Abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Tun da ya yi tambayar nake laluben muryar ƙanena a kaina, babu ita. Fuskar tana nan, ita ma ta hoto ce. Mutumin da muka kwana tabarma ɗaya, muka ci kwano ɗaya, na neme shi na rasa. Kunya ta hana ni faɗa. Kwanaki suka yi ta tafiya, tafiyarsa ta matso, yana zuwa yana gaishe ni, yana cin tuwo da hannu yana ƙona yatsu, yana dariya. Amma na ga ya daina kallon mutane a hanya.

Matata ce ta gane, kamar kullum. Ta ce, “Alhaji, ka manta ne, ko?” Na kau da kai. Ta ce, “To kai shi Moshi Zango wurin uwargijiyarku. Ita ai babu wanda zai ce ta yi rashin kunya.”

Taubashiyarmu take nufi, 'yar kawunmu. Ita 'yar namiji ce, mu 'ya'yan mace, don haka tun muna yara bayinta take kiranmu. Tsakanin taubasai babu abin da ba a faɗa, kuma mutuwa ba ta kashe wannan wasa. Ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai a bakin hanya. Yanzu 'ya'yanta ke yi, ita tana zaune a benci tana ba da umarni.

Muka isa da hantsi, an gama ciniki ana wanke tukwane. Ta hango ni tun daga nesa.

“Ei! Yau bawana ya tuna da uwargijiyarsa? Ina goron gaisuwa? Ko sankara ta cinye?”

Na ce, “Ke da ba ki da haƙoran tauna shi?”

“Zan daka. Wane ne wannan Buronin, wannan Baturen da ka jawo mini?”

Sai ta dube shi da kyau. Ta miƙa hannu, ya durƙusa, ta shafa goshinsa. Ta ce, “Ɗan ƙaramin bawana ne. Allah ya jiƙan gurgu.”

Na gaya mata abin da yake nema, ina jiran ta ce a'uzubillahi. Dariya ta yi har da tari.

“Wannan ne ya gagare ka? Riƙe mini mayafi.”

Ta dafa benci ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani. Tsohuwar da sai an kama ta take shiga torotoro, motar haya, sai ga ta ta karkata kafaɗar hagu, ta jefa ƙafar dama gaba, ta ja ta hagu a baya tana shara ƙasa da gefen silifa. A take na tuna. Kurkunu ya kama ƙanena a ƙafar hagu yana ƙarami, ya warke amma ya bar masa ja. Ta bi gefen kwata a haka da sauri, hannu ɗaya yana riƙe da wando da ba ta sa ba, ta ɗaga haɓa, ta shaƙe murya ta hanci:

“Yaya, jira ni mana! Yaya!”

Matan da ke wanke tukwane suka fashe da dariya. Ni ma na yi, ban san lokacin da ta kuɓuce mini ba. Ta dawo ta nuna yadda yake zama, ƙafa ɗaya a miƙe. Yadda yake satar ƙosai, yana kallon sama kamar mai duban hadari, hannu yana aiki a ƙasa. Yadda yake sallama, ya haɗiye rabin farko ya ja ƙarshen.

Ɗan ƙanena bai yi dariya ba. Yana tsugune, idonsa a kan ƙafafunta. Da ta gaji ta zauna tana haki, sai ya cire takalmansa, ya roƙi aron silifa, ya je inda ta fara.

Na farko bai yi ba. Ta ce, “Wannan ai agwagwa ce. Gaya masa ba gurgu ba ne na gaske, ja kawai yake yi, kuma yana jin kunyar a gani.” Na fassara. Ya tsaya, ya ce in maimaita na ƙarshen. Na maimaita. Ya gyaɗa kai, ya sake. Wannan karon ya ja ƙafar, amma yana ƙoƙarin ɓoye jan, yana ƙara sauri don kada a lura. Dariyar matan ta ragu.

Ta ce, “Ya kusa. Hannun ne bai yi ba.”

Sai na ji bakina yana cewa, “Ba wando yake riƙewa ba. Ke kin mai da shi abin dariya. Aljihu yake dafewa, don kullum akwai goro a ciki da ya ɗebo wa Inna.”

Ta juyo ta kalle ni. “To tashi ka nuna mana, malam mai hana kwaikwayo.”

Na jingine sandata, na tashi. Ni da na ce ba a yi, na dafe aljihu, na ja ƙafa a gaban matan Moshi Zango, da furfurata da komai. Ina yi abubuwa suna dawowa. Yadda yake karkatar da kai in zai yi tambaya. Yadda yake jan numfashi ta baki kafin ya kira ni. Na nuna duka. Ɗan ƙanena yana gefena yana ɗauka, kafaɗarsa tana sauka kaɗan kaɗan.

Sannan ya ce mu zauna. Ya tafi can ƙarshen lungu, ya juya mana baya na ɗan lokaci. Da ya juyo ya taho, ban ga baƙon da ya zo daga Ingila ba. Ya ja numfashi ta baki, ya ɗaga haɓa.

“Yaya, jira ni mana!”

Ba muryar hanci ta tsohuwa ba ce. Daga ƙirji ta fito, da ɗan kaushi a ƙarshe, irin na mazan gidanmu. Babu wanda ya koya masa wannan, tasa ce, gado ce. Na ji na amsa, “To yi sauri mana,” da ƙarfi, yadda nake amsawa a hanyar makarantar allo.

Taubashiyarmu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, “Ya isa. Ce masa ya isa haka.” Ta ɗaga hannu, muka ɗaga, matan ma suka ajiye tukwane, muka yi wa ƙanena addu'a a nan bakin kwata.

Ya dawo ya zauna a tsakaninmu, silifar aro a ƙafarsa. Ya ce, “Baba, shi ne?”

Na ce, “Shi ne.”

Can ya ce, “Me na faɗa? Sautin kawai na ɗauka.”

Na fassara masa. Ya maimaita a hankali da Turanci, ya dube ni.

“Kana jiransa?”

Na ce, “Wani lokaci.”

Tsohuwa ba ta jin Turanci sosai, amma wannan ta ji. Ta buɗe fuska, ido jawur.

“Ƙarya yake yi, ɗana. Bai taɓa jira ba, ni ce shaida. Kullum yana gaba kamar wanda aka aika, ubanka yana baya yana ihu.”

Na ce, “To me ya sa kullum tare muke isa?”

“Don yana tsayawa wurina ya saci ƙosai, kai kuma ka dawo ka ja shi da kunne.”

Na fassara wannan ma, ban rage komai ba. A nan ne ya yi dariya, har ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza, ban iya rabe dariyar da kuka ba. Tsohuwa ta sa aka kankaro masa sauran koko a gindin tukunya, ta ce ya sha a tsaye yadda ubansa yake sha. Ya tashi ya karkata kafaɗa, ya sha a tsaye. Ta ce gobe ya dawo da sassafe, akwai yadda gurgu yake rawa in an yi biki, kuma wannan sai ta huta tukuna.