Ƙusar Muhtabar-hola

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa, nan gefen Ƙoƙand, da gurasar Muhtabar-hola ya fitar da haƙora. Hola, wato inna, muke ce mata, yaro da babba, alhali ba ƙanwar uwar kowa ba ce a cikinmu. Guntuwar mace ce, damtsenta duk tabon tanderu, bakinta kuwa ya fi tanderun zafi. Ka kuskura ka kifa gurasa a gabanta, ko gemunka ya kai cibiya sai ta dungure maka kai.

Ɗa guda Allah ya ba ta, Nodir, abokin ƙuruciyata. Ranar da aka ɗauke shi soja ta yi abin da kowace uwa ke yi: ta miƙa masa gurasa mai zafi ya gatsa sau ɗaya, ta rataye sauran a ƙusa, don rabonsa da ya rage ya jawo shi gida ya ƙarasa. Afganistan aka kai su. Wasu sun dawo da ƙafafunsu, wasu a akwati. Nodir ko akwatin ba a kawo ba. Gurasar ta zauna a ƙusarta fiye da shekara talatin, kowa ya san da ita, ba mai tayar da zancen.

Ni Tolib, malamin motsa jiki ne har na yi ritaya, kuma ciwona ɗaya a duniya shi ne harbin saiti da bindigar iska. A ɗan kulob ɗinmu na harbi ina da yara masu ido da hannu, musamman Zebo 'yar mai gyaran keke, wadda ta kusa gama sakandare. Amma a filin makaranta muke fama, yau iska gobe dusar ƙanƙara. Sai hukuma ta ba mu aron tsohon siton auduga da tantabaru suka gada. Dogo ne siriri, ba taga, kai ka ce don mu aka gina shi. Matsalarsa ɗaya: bangon ƙarshe, inda za a jera takardun saiti, shi ne bangon gidan Muhtabar-hola.

A wajenmu ko takardar hukuma na hannunka, ba ka aza tubali sai maƙwabci ya ce ya yarda. Na ja mai unguwa muka je. Ta zuba mana shayi, ta saurare ni har na gama zuba, yadda harsashin bai wuce ƙwayar dawa ba, yadda za mu doka farantin ƙarfe a bangon mu rufe da katako.

"Tolib," in ji ta, "har yanzu ba ka ƙoshi da bindiga ba? Da furfurarka?"

"Hola, wannan ta wasa ce, takarda kawai take hudawa."

"Haka suke farawa duka." Ta juya kofinta. "Bangon na hukuma ne, ba nawa ba."

Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Mu kuwa da zumuɗi muka ɗauki abin da muke so mu ji.

Muka kira gayya. Mazan unguwa suka fito da shebur da tsintsiya, aka kwashe kashin tantabaru buhu-buhu, aka toshe rufi, aka ja wayar lantarki, mata suka ɗora tukunyar shinkafa da karas a ƙofar sito. Usta Ergash mai walda, wanda bai san a hankali ba tun da aka haife shi, shi ya karɓi aikin farantin ƙarfe.

"Usta, ka tausaya wa bangon, ya girme ka," in ji mai unguwa.

"Yaya, in na tausaya masa farantin zai faɗo a kanka ranar buɗewa, kuma ni za a zaga!"

Ya ɗaga guduma ya shiga buga manyan ƙusoshi, ƙasa na zuba, ana ta shewa. Can sai muka ji wani abu ya faɗi a ɗaya gefen bangon. Ba ƙara mai yawa ba ce, kamar an saki tsohon kasko. Daga nan sai muryar hola, ba kuka ba, ba ihu ba, suna kawai ta kira: "Nodir!"

Gudumar ta suɓuce daga hannun Usta Ergash. Wallahi dukanmu mun san da gurasar, amma ba wanda ya taɓa tambayar kansa a wane bango take, don ɗakin kwananta ne, namiji ba ya shiga. Ashe bayan farantinmu take daidai.

Gayya ta watse, shinkafa ta huce a tukunya. Ni na san an gama da kulob. Ba sai ta kai ƙara ko'ina ba. In dai ta ce "ban yarda ba" a gaban dattawa, shi ke nan, babu uban da zai turo ɗansa gidan da ya fasa gurasar Nodir. Ni ma da nawa ne ba zan turo ba. Kwanaki tanderunta bai yi hayaƙi ba, unguwa ta koma cin gurasar kanti mai kama da soso. Usta Ergash ya daina zuwa majalisar shayi.

Ran Juma'a bayan sallah ina cikin sito ina cire fitilun da muka ɗaura, sai ga ta a bakin ƙofa da ƙunshi a farin kyalle. Ta zauna a kan katako ta kwance shi. Gutsattsarin gurasar ne, sun yi launin ƙasa, ɗaya da shatin haƙoran Nodir a jiki. Na durƙusa a gabanta.

"Tashi, gwiwarka ba ta da kyau," ta ce. "Kowane ɓarɓashi na tsince, na sumbata, na kai goshi. Ka san abin da na gani da na ɗaga kai? Bangon nan fari ne a inda take. Na manta ma farin fenti ne a ɗakin."

"Hola, gobe za mu cire ƙarfen. Na rantse..."

"Rufe min baki, ban gama ba. Sau nawa na hau kujera zan sauke ta, hannuna ya ƙi. Uwa ba ta sauke wannan da hannunta, Tolib. In na sauke, ni na ce ba zai dawo ba. To ga shi wani sakaran mai walda ya ɗauke min." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Gobe ka raka ni maƙabarta in sa ta kusa da ubansa. Ka taho da Ergash, shi zai yi tonon, tunda ƙarfi ke damunsa."

Haka aka yi. Usta Ergash na tono yana kuka kamar yaron goye, tana ce masa ya yi a hankali kada ya fasa kabarin ma. Da muka dawo ta tsaya gaban majalisar shayi, inda dattawa ke zaune, ta ce da ƙarfi, "Na yarda." Washegari hayaƙi ya tashi a tanderu.

Muka ƙarasa aiki. Aka jera teburan harbi, aka yi wa bindigogi akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Hola ba ta taɓa taɓa bindiga ba har ta rasu, amma kullum da la'asar sai ta leƙo da gurasa, ta ce tas-tas ɗinmu na hana ta gyangyaɗi, ta zagi duk wanda ya bar ɓarɓashi a ƙasa. Ni dai ban san da me zan biya matar nan ba. Duk yaron da ya tsaya a layin harbin nan, a kan haƙurinta yake tsaye, kuma nakan gaya musu.

Da bazara aka kira Zebo gasar ƙasa a Tashkent, karon farko da za ta kwana a wani gari. Muna shirin tafiya tasha sai ga hola da gurasa mai tururi da tsohuwar ƙusa mai tsatsa, wadda ta riƙe gurasar Nodir. Ta sa Usta Ergash ya kafa ta kusa da ƙofar sito. "A hankali, kai!" Zebo ta gatsa, hola ta rataye sauran.

Zebo ba ta ci komai a gasar ba, ta bakwai ta zo. Daga tasha ko gida ba ta biya ba, sai sito. Hola na nan zaune tun hantsi. Ta hau kujera da kanta, ta ƙi a riƙe ta, ta sauko da gurasar ta jiƙa a shayi.

"Hola, ban fa samo lamba ba," in ji Zebo.

"Wa ya aike ki lamba? Ci." Ta zuba mata ido har loma ta ƙarshe, sannan ta waiwayo ta dube ni. "Ka gani, Tolib? Ashe ƙusar ba ta da laifi."