Ƙaron Babakura Ya Haye Teku

Babakura maƙwabcina ne a unguwar Bolori ta Maiduguri tun gashin kanmu yana baƙi. Ƙaro yake saya, wato danƙon da ke tsatsowa a jikin itacen dakwara idan an kankare ɓawonsa da rani. Mutanen ƙauye suna tsinko shi a dazukan Gubio da Magumeri su kawo masa a ƙananan buhuna. Shi ya tara, ya sa mata su tsince, ya sayar wa Alhaji Habib, wani babban ɗan kasuwa na Kano. Daga hannun Alhaji Habib ƙaron yake wucewa ƙasashen waje, cikin buhuna masu sunan Alhaji Habib. Haka aka yi ta yi fiye da shekara ashirin.

Ni a da akawun reluwe ne a rumbun kaya na tashar Maiduguri, zamanin da jirgi ke tashi da gyaɗa da fatu da ƙaro har bakin teku, kowane buhu an auna shi an buga masa hatimi. Saboda haka ni yakan kawo wa tambayoyinsa, da la'asar, a gindin dogon yaron ƙofar gidana.

"Malam Dzarma, ni da nake sayar wa Kano, me ake ce mini?"

"Dillali."

"Shi Alhaji Habib fa?"

Na faɗa masa yadda aka koya mana a makarantar mishan can wajen Biu, da taswira rataye a bango. Mai fitar da kaya shi ne wanda ya sayar da amfanin ƙasarsa ga mutumin wata ƙasa da sunan kansa, kuma kayan suna wuyansa har mai saye ya buɗe ya ce ya karɓa.

"Da sunan kansa," in ji Babakura. "Ni kuwa ko tantabara ban taɓa aikawa ta tsallake iyaka ba."

Sai shekarun tashin hankali suka zo, daji ya rufe. Masu tsinko ƙaro da yawa suka dawo gari suna zaune a sansani. Siton Babakura, dogon ɗaki mai rufin kwano, ya zauna wayam. Don kada gida ya rasa abinci, ya ba Mahfuz, wani mai sayar da kifi banda, hayar rabinsa. Suka rataya tamfol a tsakiya. Can kwalayen banda, nan 'yan buhunan ƙaro idan an samu.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan, inda yawancin ƙaron duniya ke fitowa, masu saye na waje suka fara waiwayo Borno. A lokacin wasu hanyoyin daji sun ɗan buɗe. Akwai Paschal, ɗan wani Inyamuri mai shagon kayan mota, haifaffen unguwar Ajilari, wanda ya koma Legas yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Shi ya samo wani kamfani a Faransa da ke neman ƙaro mai daraja ta ɗaya, irin wanda ake zubawa a alewa da lemon kwalba da magani.

Kamfanin ya ce a aiko samfur. Babakura ya ɗebi sabon ƙaron da aka kawo a ranar, bai ma kai shi sito ba. A zauren gidansa ya shanya, matarsa Ya Falmata ta tsince da hannunta, aka aika ta jirgin sama. Amsa ta dawo cewa ya yi, a cika kwantena.

Rani guda ya ɗauka yana tarawa. Na sha shiga siton ina kallo, kuma ban ga aikin da ya fi shi tsabta ba tun da na bar reluwe. Mata a jere bisa tabarmi, suna ware ƙwayoyi masu hasken zuma gefe, jajaye gefe, suna kankare ɓawo da wuƙa, suna tankaɗe yashi. Bai bar rana ta taɓa ƙaron ba. Ya shimfiɗa katako a ƙasa saboda laima. Ya sa aka buga masa sababbin buhuna a Kano, da sunansa da sunan Maiduguri da manyan baƙaƙe. A bayan tamfol kuwa kwalayen Mahfuz suna shiga suna fita kamar kullum, wani lokaci har da tsakar rana Mahfuz yakan yanko wa matan kifi su ci da garin rogo.

Alhaji Habib ya turo yaransa su kwashi kaya yadda aka saba. Babakura ya ce musu bana ƙaronsa da mai shi. Suka koma, kuma Alhaji Habib bai sake ɗaukar wayarsa ba.

Ranar da tirela ta tashi, matan suka yi guɗa a bakin sito. Babakura ya tsaya da hannu a baya har ta sha kwana. Daga nan sai jira. Damina ta shigo, ta kusa fita.

Muna zaune a ƙofata wayar ta zo. Babakura ba ya son kara waya a kunne, sai ya buɗe murya ya ajiye ta a gwiwa.

"Baba, ina wuni? Paschal ne."

"Ɗan Ajilari. Legas ba ta cinye ka ba tukuna?"

"Ta fara daga aljihu, Baba. Malam Dzarma yana kusa?"

"Ga shi nan yana gyangyaɗi. Faɗi."

Paschal ya ce, "Sun buɗe kwantenar. Sun ce ƙaron yana da kyau a ido, babu yashi, babu laima. Amma yana ƙarnin kifi. Kifi da hayaƙi."

"Wane kifi?"

"Nima abin da na tambaye su ke nan. Baba, a ina kayan suka kwana?"

"A sitona."

"Siton da Mahfuz yake ciki?"

"Akwai tamfol," in ji Babakura.

"Samfur ɗin fa?"

"Wancan a zaure."

"To shi ke nan," in ji Paschal a hankali. "Sun ce ƙaro yana shan warin abin da ke kusa da shi, kuma ba ya saki. Ba za su sa shi a alewa ba. Ba su karɓa ba, Baba."

Babakura ya ce zai kira shi. Ya tashi, na bi shi har sito. Akwai ragowar buhu ɗaya da bai samu wuri a tirela ba. Ya kwance bakinsa, ya cika tafin hannu, ya kai hanci ya daɗe.

"Ban ji komai ba. Malam, shinshina."

Na shinshina. Ƙaro na ji, da ƙurar buhu. Shekarun da na yi a garin nan ina wuce kasuwar kifi, ina cin banda a miya, sun isa su sa hancina ya daina lura. Haka na matan da suka tsince, haka na direban tirela.

Mahfuz ya leƙo ta gefen tamfol, aka gaya masa.

"Kifina ba ya wari," in ji shi. "Turawan nan dai tsawon hanci ne ya yi musu yawa." Ya duba fuskar Babakura, ya koma bayan tamfol.

Babakura ya zuba ƙaron cikin buhu, ya ɗaure bakin da kyau, ya zauna a kan katako. Bai yi salati ba, bai zagi kowa ba. Wayar ta sake kaɗawa.

"Baba, hanya biyu ce," in ji Paschal. "Ko a dawo da kayan, kuma kuɗin jirgin ruwa da na ajiya sai sun fi ƙaron tsada. Ko a sayar wa masu yin gam da tawada a can, a farashin shara. Su ba ruwansu da wari. Amma juyewa za su yi a manyan buhunansu, su ƙone naka."

"Kamfanin farko fa? Baɗi?"

"Sun samu wani a Chadi."

Babakura ya kalli rufin kwano.

"Ka ce su juye."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ka gai da mahaifiyarka."

Ya kashe wayar ya sa a aljihu. Sannan ya kira Mahfuz.

"Kwance tamfol ɗin nan. Ka shigo da sauran kayanka, wurin naka ne duka. Ma yi maganar haya daga baya."

Yanzu da safe Babakura yakan ɗauki kujera ya zauna a bakin siton, kwalayen banda suna wucewa ta gabansa. Idan rani ya yi, mutanen Gubio da Magumeri har yau suna zuwa da ƙananan buhunansu, suna gaishe shi da Barbarci. Yakan amsa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sa a kawo musu ruwa. In sun sha sai ya nuna musu kwanar da sabon dillalin Alhaji Habib ya kafa sikelinsa.