Kawu Bawa da karensa Natafki

Kun dai san Kawu Bawa na Fakku: kai sanƙo tal, amma kullum da mataji a aljihu. Ba don kansa ba, don karensa Natafki. Da hantsi zai baza tabarma a ƙofar gida yana taje shi, in ka gaishe shi ka wuce sai ya kira ka: "Kai ɗan ƙanwata, ni ɗai ka gani?" Dole ka dawo ka tambayi kare kwanan gida.

Kare kuwa, abin kallo! Gashi ja mai duhu duk a nannaɗe, kunnuwa suna reto, ga tukku a ka, wutsiya kuma tsirara kamar ta gafiya. Wani Bature likitan shanu da ya yi aiki a Tambuwal ne ya bar masa shi. Ranar da Kawu ya ɗauko shi a babur, wani makiyayi ya tare shi a Jabo yana tayawa, ya zaci ragon Layya ne. Natafki ya yi haushi sau ɗaya, mutumin ya bar sandarsa a nan.

Kawu ya haddace asalinsa kamar na danginsa. "Kakanninai wani tsibiri mai sanyi suke, aikinsu ɗauko agwagin ruwa. Ko can sun kusa ƙarewa. Ni da shi, irinmu ba yawa." Nan dai ba mu taɓa yi masa gardama ba.

Wata bazara Inna Hajo, matar Kawu, ta je ɗebo ruwa ta tarar da tukku yana leƙowa daga randa.

"Bawa! Wanga abu naka shina cikin randata!"

"To Hajo, gadon kakanninai na. Ki yi a hankali kada ki tsorata shi."

Randar ta zama ta kare, Inna ta koma tulu, ta yi sati ba ta sa wa Kawu man shanu a tuwo ba.

Abin da ya ci wa Kawu rai shi ne maharba. A farautar farko zomo ya tashi, karnuka suka rufa masa baya, Natafki ya zauna daram yana kaɗa wa zomon wutsiya. Sarkin Baka, shugaban maharba, ya ce kada a sake kawo masa rago daji. Kawu ya rantse in babu kare babu shi, ya rataye bindiga. Mutumin da tun yana saurayi daji ne rayuwarsa! In an buga gangar farauta sai ya shige ɗaki. Wallahi tausayi yake ba ni.

Da kaka, Sarkin Baka ya harbo dinya, agwagwar dajin nan, a wani tafki wajen Kebbe, ta faɗa tsakiyar ruwa tana fuffuka. In ta nutse kafin a yanka, ta zama mushe. Karnukansa suka tsaya bakin ruwa suna ta haushi. Sai ga Kawu, wai wanka ya kawo kare.

"Bawa, don Allah tura shi!"

"Wa? Rago na iyo?"

"Kare na! Na ce kare na, ba rago ba!"

"Ƙara faɗi, kunnenai da gashi."

Sai da ya ƙara, da ƙarfi, gaban kowa. Natafki ya faɗa ruwa tsundum, ya dawo da dinya a baki, da ranta, ko shatin haƙori babu. Ya wuce Sarkin Baka ya ajiye ta a gaban Kawu. Farautar da ta biyo baya su biyu ne a sahun gaba, zomo kuma ya ci gaba da wucewa lafiya.

Washegarin rasuwar Kawu ina zaune a ƙofar gida tare da masu karɓar gaisuwa, sai ga Natafki ya fito da mataji a baki, riƙe a hankali kamar yadda ya riƙo dinyar nan. Ya duba mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ajiye shi a gurbin da Kawu yake zama. Na ɗauka na taje shi ina kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya sanyaya makwancinsa, ya tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa dabbar da ba ta da kowa sai shi. Amin.