Alwalar Kawu Ilu a Gindin Lemo

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san butarsa. Shuɗiya ce a da, kafin rana ta cinye launin, kuma ba na jin akwai gefen da bai liƙe da narkakkiyar roba ba. Da ita yake zuwa kasuwar Bunkure, da ita yake zuwa ɗaurin aure. 'Yarsa Ladi da ke aure a Fatakwal ta taɓa aiko masa da sabuwa fil, ta ƙarfe. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya rataye a ƙusa.

Na ce, "Kawu, ba za ka yi amfani da ita ba?"

Ya ce, "Wannan ta baƙi ce."

"Wane baƙo kake yi?"

"To ai shi ya sa har yanzu sabuwa ce."

Ni ne Sabi'u, ɗan ƙanwarsa, mai shagon maganin feshi a Kura, kuma wannan sana'ar ita ce babban laifina a wurinsa. Bai taɓa ba ni hannu kai tsaye ba. Sai ya ce, "Sarkin guba, tara hannunka," ya tsiyaya mini ruwan buta, na wanke, sannan mu gaisa. Ko a gaban surukaina haka yake yi mini.

Kun san tun da ya bar aikin buɗe ƙofar ruwa a kanal ɗin noman rani, matarsa Inna Hajara ta rasu, yara kowa ya kama gabansa, zaman gida ya gagare shi. Sai ya mayar da wuninsa filin shaƙatawar nan na bakin kanal, mai bencin siminti biyu da karyayyen lilo, inda ba mai shaƙatawa sai awaki. A kusurwar gabas akwai tumfafiya da tafasa da suka fito don kansu. Nan ya dasa lemun tsami guda uku. Kada ku ɗauka don 'ya'yan ya dasa. Don tsutsa ta ci ganyen ya dasa, ta ƙoshi, ta rikiɗe ta zama malam-buɗe-littafi. A ƙasar da kowa yake fesa tumatir safe da yamma, nan kaɗai suke samun wurin sauka, shi kuma yana ce musu baƙinsa.

Ranar da Alhaji Tanko, maƙwabcinsa, zai fesa lambun lemonsa, Kawu ya riga mai feshin isa. Ya bi bishiya bishiya yana tsince tsutsa yana zubawa a hularsa, ya ratso gari kai ba hula zai kai su kan nasa lemon, ya rungume ta kamar mai ɗauke da jariri.

Alhaji ya ce, "Ilu, jama'a suna kiwon awaki, kai kana kiwon tsutsa?"

Kawu ko tsayawa bai yi ba. Ya ce, "Akuyarka in ta girma tashi sama take yi?"

To ana nan sai ga mutanen ofis daga birni da farar mota. Wai za a gyara kusurwar nan, a ƙara furanni, a mayar da ita lambun malam-buɗe-littafi don 'yan makaranta su riƙa zuwa gani. Kawu ya yi murna har ya kasa zama. Ya wanke babbar rigarsa. Amma suka ce kafin a taɓa ko ƙasa ɗaya sai an yi binciken muhalli, a duba ko aikin zai cutar da ruwan kanal ko gonakin mutane. Wadda aka ba binciken wata matashiya ce, Malama Rifkatu, 'yar Filato, mai sanyin magana.

Ta ce, "Baba, kamar guda nawa suke zuwa a rana?"

Ya ɓata rai. "'Yata, a garinku ƙirga baƙi ake yi?"

Ta yi dariya. Shi kuma da ya ga ta zauna a ƙasa kusa da shi, ba ta ƙyamar tsutsa, sai ya saki jiki. Ya nuna mata wata 'yar rawaya da ke shawagi a kan tafasa. Ya ce tun shekarar da Hajara ta rasu wannan take zuwa, ba ta taɓa fashi ba. Rifkatu ta gaya masa a hankali cewa irin waɗannan ba sa wuce 'yan makonni a duniya.

Ina wurin. Na ga yadda ya daɗe yana kallon 'yar rawayar nan. Can ya ce, "To jikarta ce. Gidan mutunci ne, ba sa yanke zumunci." Muka yi dariya, amma ni dai tausayinsa ne ya kama ni, don a ranar na gane ba shi da wanda yake jira da safe sai su.

Kafin su tafi suka zagaye kusurwar da igiya, suka kafa allo. Kada a shuka, kada a cire, kada a yi ban ruwa, har sai an gama bincike, don a ga wurin yadda yake. Ga shi bazara ta kunno kai, lemon kuwa ko gwiwa bai kai ba. Tumfafiya ba ruwanta da ƙishi, amma dashen lemo in ya yi 'yan kwanaki ba ruwa ya tafi ke nan.

Kawu ya ce, "Binciken zai kai yaushe?"

Rifkatu ta ce, "Ba zai daɗe ba, Baba."

"Kin gaya wa lemon?"

Aka ɗora wa Audu, mai gadin filin, alhakin tsare igiya. Washegari sai ga Kawu ya cika buta a kanal, ya tsallake igiya, ya tsuguna a gindin lemo na farko, ya naɗe hannun riga.

Audu ya ce, "Baba, an hana ban ruwa."

"Alwala ma an hana?"

Audu ya duba allo, bai ga alwala ba. Kawu ya yi ta a nitse, komai sau uku, ba gaggawa. Ya miƙe, ya sake ciko buta, ya tsuguna a gindin na biyu.

"Haba Baba, ai yanzu ka yi."

"Ta karye. Tsufa ne, Audu. Kai ma yana nan tafe."

Haka ya cinye bazarar nan. Ba na jin an taɓa yin mai yawan alwala irinsa tsakanin Kura da Kadawa. Liman da kansa ya yi masa nasiha a kan ɓarnar ruwa, Kawu ya ce ya zo ya nuna masa ɗigon da ya ɓata. Damina ta zo ta wuce, mota ta dawo sau ɗaya aka ɗebi ƙasa a leda, sau ɗaya aka ɗebi ruwa a kwalba. Bincike shiru. Igiya ta ruɓe, aka sa sabuwa.

A bazarar da ta biyo baya Kawu ya kwanta, bai kuma tashi ba. Gidan da yake wuni ba sallama ya cika maƙil da masu gaisuwa, har aka sauke sabuwar butar daga ƙusa don ta baƙi ce. Muna ta karɓar ta'aziyya, ba wanda ya tuna da bakin kanal. Da aka watse na je, na tarar da ƙaramin cikin ukun ya bushe ƙarau. Biyun suna nan, ƙasarsu a jiƙe. Audu yana tsugune a gindin ɗaya, hannun riga a naɗe.

Bai ɗago ba ya ce, "Buta ɗaya gare ni, yallaɓai. Ban kai kan na ukun da wuri ba."

Rifkatu ta zo daga baya da wasu takardu, tana tambayar Baba. Na gaya mata. Ta tsaya a bakin igiyar da ita ta sa aka ɗaura, ta ce har yanzu ba a sa hannu ba. Tsohuwar butar Kawu tana hannuna. Ta miƙo hannu ta karɓa, ta tsallake, ta durƙusa.

Ta ce, "Ni ba na alwala. Amma hannuna ya yi datti."

Ta daɗe tana wanke shi.

Yanzu ni nake zuwa kafin na buɗe shago. Nakan fara wanke hannuna a wajen igiya, don na san da yana nan ba zai bar ni in matso ba. Ina kewarsa ƙwarai. 'Yar rawayar tana zuwa, ko jikarta, ban san me zan ce mata ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yafe masa kura-kuransa, Ya haɗa shi da Inna Hajara. Yadda ya shayar da abin da ba shi da bakin roƙo, Allah Ka shayar da shi. Kada Ka bar shi shi kaɗai a can.