Ranar da Madam Ta Ƙi Rantsuwa

Shekarun fari, wajen saba'in da huɗu, ni ne shofer, wato direban wata Baturiya da ta zo aikin rijiyoyi a ƙauyukan Bande. Doguwa ce, in ta miƙe sai ta gaisa da shaho. Ƴar wata ɗarikar Kirista ce da ake ce wa Kweka, ibadarsu zama shiru. Ranar farko da na gani na ɗauka suma ta yi, har na ɗebo ruwa.

Wata Laraba buhun dawar taimako ya ɓata a wani ƙauye, aka ce ni na loda shi a mota. Mai gari ya ce in ya tabbata, sai hannun jandarma a Magarya. Ko a jikina, don ranar muna Mallawa ni da Madam. Ina da shaida, Baturiya guda!

Aka kira Madam gaban mai gari, malamin lakwal, wato makarantar boko, ke fassara. Mai gari ya ce ta dafa littafin addininsu ta rantse.

"Ba na rantsuwa," in ji ta. "Mu e ɗinmu e ne."

Na ce, "Madam, don Allah, ƴar ƙarama dai!"

Mai gari ya ce, "A ƙasarku mene ne aikinki?"

"Littattafan labari nake rubutawa."

"Na gaske?"

"A'a, ni nake ƙirƙira."

Wuri ya ɗauki salati. Shaidata ɗaya tak a duniya, ta ƙi rantsuwa, kuma da bakinta ta ce shirya abin da bai faru ba ne sana'arta! Wallahi har na fara jin warin gidan kaso.

Mai gari ya ce, "To, shofer ɗin nan naki, mai gaskiya ne?"

Ta rufe ido, ta yi shirun nan nasu, har na tsufa. Sannan ta ce, "A'a. Ya ce mini ya kashe kura da takalmi, na ma sa shi a littafina. Amma ran Laraba, tun hantsi har la'asar, muna tare. Buhu bai shiga motata ba."

Mai gari ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wadda ta tsiraita mutuminta a gabana haka, me za ta yi da rantsuwa? Tashi, mai takalmi."

A hanya ina ta cika ina batsewa. Na ce, "Madam, ai kurar nan ta mutu fa."

Ta ce, "Jiya ka ce biyu ne."