Garkar da ta cinye maƙwabtanta

Buhun wofi nake sayarwa, irin na zuba albasa, kuma da shi na gina gidana a Madawa. Sa'ad da na fara, ranar kasuwa hannuna har ciwo yake don gaisuwa: wannan buhu uku, wancan bakwai, mai sha biyar kuwa har matsa masa ake yi a tabarma. Yau buhunan da nake fitarwa sun fi na da yawa, amma mutum huɗu ke kwashe fiye da rabi, ta waya, ko fuskarsu ba na gani.

Bara wana ya zo daga ƙauyenmu na wajen Galma. Garkar da mahaifinmu ya bari, wato gonar albasa ta ban ruwa, tana hannunsa, da ita yake ciyar da iyali, ga ruwan rijiya ya yi ƙasa, guga ya gaji da shi.

"Alhajin nan mai sayen ƙasar mutane ya taya garka," ya ce. "Kai ad dillali, tahi ka gano min shi."

"Yaya, dillalin buhu nike, ba na ƙasa ba."

"Wanda ya iya saida wofi, mi za ya gagare shi?"

Na tafi. A wajenmu da rudu ake auna mutum, wato bukkar kara da ake adana albasa a ciki: ka ƙirga rudunansa, ka san nauyinsa. Na duba, Alhaji ba shi da ko ɗaya. Na ce a raina ashe zuzutawa ce irin ta mutane, wannan ko kuɗin garkarmu ba zai iya haɗawa ba.

Sai na bi iyakarsa da ƙafa. Tun hantsi nake tafiya, har aka kira azahar ban zagaye ta ba. Injinan ban ruwa na ta kuka, kore shar iyakar ganin ido, can bakin hanya kamiyo uku, manyan motocin kaya, na lodi. Albasarsa ba ta kwana a ƙauye. Daga gona sai Abijan, saura kuma magaza, wato sito na siminti, a birni. Na tsaya baki buɗe, ni da nake cewa na san dukiya. Kowane yanki na san tsohon mai shi. Da yawansu suna nan a duƙe, suna cira a ƙasar da ta kasance tasu. Wani dattijo ya ɗago ya gaishe ni.

"Baba, har yanzu kana nan?"

"Ina zan tahi? Ni na san inda ruwa ka kwanci."

Da na koma gida wana na zaune a zaure.

"Mi kag gani?"

"Na ga abin da ban taɓa gani ba. Kada ka saida."

"Da mi zan ja ruwa, da bakinka?"

Na sayar da babur ɗina, na kawo masa tsohon inji. Bana ya dasa. Ta gabas, ta kudu da ta yamma duk Alhaji ne maƙwabcinsa. Hanyar arewa ce ta rage, ta nan yake shiga da jakinsa.