Baturiyar Kan Harawa

Kakata ba ta taɓa ganin Bature ido da ido ba, amma rediyo ba ya barin kunnenta. A nan ta ji labarin wasu Turawan Amurka na zamanin bauta, masu ɓoye bayin da suka gudu, su lulluɓe su da ciyawa a keken doki, su yi ta miƙa su gida-gida har inda ba mai kama su. Ta ishe mu da labarin nan safe da yamma. "Ashe jar fata ma akwai 'ya'yan halak!"

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, wasu samarin unguwarmu a Daura sun ɗauki zafi, inda duk suka ji kiɗan biki sai sun fasa ganga. Wata la'asar sai ga tsohon makaɗin da ya yi wa uwata kiɗan aure ya faɗo gidanmu ko sallama babu, rungume da kalangun da ya gada wurin ubansa. An watsa biki a maƙwabta, ana nemansa.

Kaka ta miƙe ta ƙara ɗaure zani. "Yau ni ce Baturiya!"

Kawuna ya zo daga Sandamu sayar da harawa, kasuwa ba ta yi ba, amalanken shanunsa na ƙofar gida. Muka kwantar da makaɗi da kalangunsa, muka jibga masa harawa. Kaka ta haye bisa ta harɗe, ni a gefenta ina danne dariya har cikina na ƙullewa.

A bakin lungu samarin suka tare mu. "Iya, ina zuwa?"

"Gidan sabon miji. Kishi kake, mai gidan?"

Sai atishawa ta tashi daga ƙarƙashinmu, irin ta ƙaton namiji. Wayyo, na ce mun mutu! Kaka ko gezau, ta murza hanci ta ce, "Alhamdu lillahi!"

Ina za su ƙi sunna? Duk suka haɗa baki: "Yarhamukillah!"

Ta biyu ta zo, suka amsa. A ta uku babbansu ya ja da baya. "Iya, wannan mura ce. Ku wuce, Allah ya sawwaƙe."

Sai da muka bar gari muka tono shi, harawa har cikin kunne, mu duka muna dariya da hawaye. Ya shafa kalangunsa, lafiya lau. Ya rataya ya ce, "Hajiya, faɗa mini taken gidanku in kaɗa miki."

Kaka ta daina dariya.

"Ba mu da take," ta ce. "Kakata da igiya a wuya aka shigo da ita garin nan, ba wanda ya ɓoye ta. Kaɗa mata. Ko ranar aurenta ba a yi mata kiɗa ba."